Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Ƙarƙashin Fiffike: Yadda Mazaunin Inji Ke Sauya Aikin Nozul

Lacca ga ɗalibai da ma'aikatan jiragen sama

 

An nemi in yi magana a kan wani sashe na injin jirgin sama wanda ba a cika waiwayarsa ba. Baƙo idan ya shiga rumfar gyaran jirage, fankar gaba ce ke ɗauke masa hankali. Ɗalibi kuma kwamfaresa da tabain yake son ƙwarewa a kansu, domin a nan ake ganin gwaninta. Shi kuwa nozul, wato bakin da iska ke fita ta bayan inji, kallon bututu kawai ake yi masa.

Magana ɗaya nake so ku fita da ita daga zauren nan. Ƙarfin turin da kamfani ke rubutawa a takardar inji, a ɗakin gwaji aka auna shi: inji na ɗaure a kan ƙarfe, iska na kwance, babu fiffike a samansa, babu wutsiya a gefensa. Da zarar an rataya shi a jikin jirgi, nozul ya koma fesa iskarsa cikin iskar da jirgin ya riga ya matse, ya murɗa, ya hanzarta. Saboda haka ba a yanke wa nozul hukuncin kyau ko muni sai an san jirgin da yake jikinsa, da wurin da aka ɗaura shi, da gudun da ake yi.

Aikin nozul

Injin jet yana zuƙo iska ta gaba, ya matse ta, ya ƙona mai a cikin wani kaso nata, sannan ya tura ta baya. Duk wahalar da fanka da kwamfaresa da ɗakin ƙuna suke sha, abu biyu suke tarawa: matsi da zafi. Nozul ne ke karɓar su ya mayar da su gudu. Asalin turi shi ne yawan iskar da ta ratsa inji a daƙiƙa ɗaya, a ninka shi da bambancin gudun da ta fita da shi da gudun da ta shigo da shi.

Ma'aunin farko da ake dubawa shi ne rabon matsi: matsin iskar da ke cikin bututu, a raba shi da matsin iskar da ke waje a bakin nozul. Ku lura da kyau. Adadin sama na inji ne, adadin ƙasa na waje ne, kuma jikin jirgi ne ke tsara abin da ke wajen. Duk laccar yau a kan wannan adadi na ƙasa take.

Idan rabon ya kai kusan 1.9, iskar da ke maƙogwaron nozul takan kai saurin sauti, sai mu ce nozul ya shaƙe. Daga nan komai aka rage matsin waje, iskar da ke wucewa ba za ta ƙaru ba, domin sauyin matsi da saurin sauti yake tafiya, ba shi da ikon komawa baya ya ratsa maƙogwaron. Ƙasa da 1.9 kuwa ƙofa a buɗe take, duk abin da ya faru a waje fanka za ta ji a jikinta. Idan kuma rabon ya yi sama sosai, bututu mai tsukewa kaɗai ba ya isa, sai an ƙara masa sashe mai buɗewa inda iska za ta ci gaba da faɗaɗa tana wuce saurin sauti. Injiniyan Suwidin Gustaf de Laval ne ya fito da wannan siffa a wajajen 1888 domin tabain ɗin tururi, kuma ita ce a bayan jiragen yaƙi da rokoki har yau.

Yanzu ga lissafin da nake roƙon kowane ɗalibi ya rubuta. Mu ƙaddara jirgin fasinja yana tafiya a mita 240 a daƙiƙa, kusan gudun da ake yi a can sama ke nan, iskar fanka kuma tana fita a mita 350. Abin da ke tura jirgin shi ne bambancin, mita 110. To, a ce wani lahani ya rage gudun fita da kashi 1 cikin 100, wato mita 3.5. A kan 350 wannan ba komai ba ne. A kan 110 kuwa ya haura kashi 3 cikin 100. Asarar kashi 1 a nozul ta zama asarar kashi 3 a turi, kuma da mai ake cike gurbin. Ga kamfanin sufurin da mai ke cinye wajen rubu'i zuwa sulusin kuɗin da yake kashewa, wannan na iya zama bambancin riba da faɗuwa.

Ƙarƙashin fiffike

Yawancin jiragen da ke sauka a Kano da Abuja da Yamai, a ƙarƙashin fiffike injinansu suke, rataye da maratayi. Fiffike kuwa da bambancin matsi yake ɗaga jirgi: matsi kaɗan a samansa, mai yawa a ƙasansa, musamman idan an sauke filaf domin tashi ko sauka. Cikin wannan yanki mai matsi nozul yake fesawa.

Manomin rani a Kadawa ko Kura ya san wannan ba tare da alƙalami ba. Idan bakin tiyo yana kwance daidai da rafi, ruwa bulbulowa yake yi. Da ya ja tiyon zuwa gonar kan tudu, sai ruwa ya ragu, injin ban-ruwan ya sauya murya, alhali bai taɓa totur ba. Haka fanka take idan fiffike ya ɗaga matsin da ke bakin nozul.

Yaushe hakan ke faruwa? A can sama, a kashi 80 cikin 100 na saurin sauti, gudun jirgin kansa yana ninka matsin iskar da ke shiga da kusan 1.5, fanka ta sake ninka shi da kamar haka, rabon ya haura 2, nozul ɗin fanka ya shaƙe. A kan titin tashi babu wannan tallafi na gudu. Abin da fanka ta bayar ne kaɗai, bai kai 1.9 ba. Ke nan lokacin da aka fi buƙatar ƙarfi, lokacin ne fiffike ya fi samun ta cewa. Iskar da ke wucewa ta gaza wadda aka auna a ɗakin gwaji, fanka kuma ta matsa kusa da iyakar da iska ke fara kuɓuce wa ruwan wuƙaƙenta.

Shaƙewar ma ba ta raba gardama. Iskar fanka takan fito da sauran matsi a jikinta, ta ci gaba da faɗaɗa a waje tana bin kwanson ciki, wato marufin tsakiyar inji, da igiyoyin matsi a jere. A tsakiyar wannan iska nozul na biyu yake, mai fitar da iska mai zafi daga cikin inji. Shi matsin da yake gani a bakinsa ba na sararin sama ba ne, na iskar fanka ne wadda fiffike da maratayi suka riga suka sauya. Idan wannan matsi ya motsa, aikin tabain ya motsa, tabain kuwa shi ke juya fanka.

Sai gogayya. Iskar nan mai gudu tana gogar kwanson ciki, tana gogar maratayi, wani lokaci har da ƙasan fiffike da filaf, kuma kowace gogayya tirjiya ce. Maratayin ma ratsa bututun fanka yake yi daga sama ya raba shi, don haka zoben da ake zanawa a allo cikakke, a jikin jirgi tsagagge ne.

Akwai kuma lungun da ke tsakanin kwanson inji da maratayi da ƙasan fiffike. Siffarsa ta mai tsukewa da buɗewa ce, nozul ne da ba wanda ya yi niyyar ƙerawa. Iska takan yi gudu a cikinsa har ta wuce saurin sauti, igiyar matsi ta tsaya, iska ta saki jikin ƙarfe, tirjiya ta tashi. Wannan yana cikin abin da ya karya Convair 990, wanda ya fara tashi a 1961. An sayar da shi da alkawarin zai fi sauran jiragen fasinja gudu, gwajin sama ya nuna tirjiya ta fi ƙiyasi, aka koma ana gyara siffar kwanson inji da kewayensa. Kafin a gama, kasuwa ta wuce. Guda 37 kacal aka ƙera.

Babu amsa guda ga waɗannan matsaloli. Dubi Airbus A320 na farko, wanda ake saya da ɗayan inji biyu. CFM56 gajeren kwanso gare shi, iskar fanka da iska mai zafi kowace da bakinta. V2500 kuwa dogon kwanso gare shi, iskokin biyu suna haɗuwa a ciki su fita ta baki ɗaya. Haɗawar tana ƙara ɗan turi tana rage ƙara, amma dogon kwanso ya fi nauyi, ya kuma fi faɗin jikin da iska za ta goga. Ƙwararru ne a ɓangarorin biyu, kowa ya auna riba da asara ya zaɓi tasa.

Abin da ya sa nake ɗaukar batun nan da zafi shi ne inda sana'ar ta dosa. Injin JT8D na Boeing 737 na farko, iskar gefe, wato ta fanka, da ta ciki kusan daidai suke. CFM56-3 da ya zo a 1984 faɗin fankarsa inci 60 ne, na LEAP-1B inci 69. Injin Pratt & Whitney na A320neo inci 81 ne, iskar gefensa ta ninka ta ciki wajen sau 12. GE9X na Boeing 777X inci 134 ne. Babbar fanka mai tura iska da yawa a hankali ta fi tsimin mai, shi ya sa ake bin wannan hanya. Amma ku duba abin da ke biyo baya. Gudun fita yana kusantar gudun jirgi, don haka ninkin asarar da muka lissafa yana ƙaruwa. Rabon matsi yana raguwa, don haka nozul ya fi daɗewa bai shaƙe ba. Ga shi injin ya yi girma, ƙasa ba ta matsawa, dole a tura shi gaba, a ɗaga shi kusa da fiffike. Hanyoyi uku, duk wuri ɗaya suka nufa. A 737 MAX wannan matsawa ta taɓa har halin jirgin a sama, aka ƙara masa manhajar MCAS, kurakuran tsarinta suka kai ga haɗurra biyu a 2018 da 2019 da suka ci rayuka 346. Wannan darasi ne na wata rana, amma tushensa mazaunin inji ne.

Wutsiyar jirgin yaƙi da jirage masu wuce sauti

A jirgin yaƙi injin yana binne cikin jiki, nozul shi ne ƙarshen wutsiya. Bakinsa yana buɗewa yana tsukewa: ya wage idan an kunna ƙarin ƙuna a bayan tabain, ya tsuke a tafiyar yau da kullum. Idan ya tsuke, bayansa na waje yakan yi gangare mai tsanani. Iskar da ta biyo jikin jirgi tun daga hanci ta riga ta gaji, ba ta iya bin gangaren, sai ta saki, ta bar gurbi mai ƙarancin matsi yana jan jirgin baya. Iskar da ke fita daga nozul kuma aiki biyu take yi masu karo da juna: kumburinta yana ɗaga matsin da ke kan gangaren, abin da ke taimako, jan da take yi wa iskar kewaye kuma yana rage shi. Gwaje-gwajen cibiyar NASA ta Langley sun nuna cewa a jirgin yaƙi mai inji biyu, wannan ɗan yanki na baya yana iya ɗaukar fiye da sulusin tirjiyar jirgin baki ɗaya. F-111, wanda ya fara tashi a 1964, ya sha wannan matsala, tirjiyar wutsiyarsa ta zarce abin da aka yi tsammani.

Ga misalin da ya fi burge ni. F-15 da F-16 sun yi amfani da inji iri ɗaya, F100. A F-16 mai inji ɗaya, faya-fayen da ke rufe bayan nozul suna zaune lafiya. A F-15, inda nozul biyu ke maƙwabtaka, iskokin biyu sukan shiga kaɗawa tare, su haifar da girgiza mai ƙarfi a tsakaninsu, faya-fayen suka riƙa lalacewa. Daga baya aka cire su daga yawancin F-15 na sojan saman Amurka, aka haƙura da ƙarin tirjiya. Injin bai sauya ba. Maƙwabci ya samu.

Idan gudu ya ninka saurin sauti, iyakar da ke tsakanin inji da jirgi ɓacewa take yi. Concorde na Ingila da Faransa, wanda ya fara tashi a 1969 ya yi jigila daga 1976 zuwa 2003, injin Olympus 593 gare shi. Idan yana tafiya a ninki biyu na saurin sauti, aka bi diddigin inda ƙarfin turi ke dafa jikin jirgi, mashigar iska tana ɗauke da wajen kashi 63 cikin 100, nozul kashi 29, injin kansa kashi 8. A SR-71 na Amurka, a sama da ninki uku, mashiga kashi 54 ce, nozul wajen 28, inji wajen 18. Kada wani ya fahimci cewa injin ba shi da amfani. A kashe shi, duk sauran su zama sifili. Abin da alƙaluman ke faɗa shi ne matsin da inji ya haifar, a jikin mashiga da nozul yake zama turi.

Wahalar ita ce nozul mai faɗin da ya dace da wannan gudu ya yi wa ƙaramin gudu yawa. Iska takan faɗaɗa fiye da kima, matsinta ya faɗi ƙasa da na waje, turi ya zube. Masu Concorde suka sa wasu marufai biyu masu motsi a ƙarshe. A ƙaramin gudu suna barin rata iskar waje ta shigo ta cike gurbin, a babban gudu su buɗe su zama sashe mai faɗaɗawa, a sauka su rufe su juya iska gaba. A SR-71 ma akwai ƙofofin da iskar waje ke turawa ta shiga a ƙaramin gudu, kuma wannan sashe na nozul a jikin jirgin yake, ba a jikin injin ba.

Ribas

Na'urar ribas, mai juya iskar inji gaba domin rage gudu bayan sauka, ita ma aikin nozul ce, kuma a nan ne sakaci ke cin rai.

Manyanmu a nan sun san Boeing 737-200, wanda Nigeria Airways da kamfanonin da suka biyo bayansa suka daɗe suna jigila da shi, mai siririn inji manne da ƙasan fiffike, wutsiyar injin ta leƙo ta baya. Wannan tsawo yana da dalili. Da farko ribas ɗin Boeing 727 aka ɗauko aka sa masa. A 727 injinan a wutsiya suke, na'urar tana aiki lafiya. A ƙarƙashin fiffiken 737 kuwa, iskar da aka juya sai ta riƙa ɗaga jirgin, nauyin da ke kan tayoyi ya ragu, birki ya rasa kamu. A 1968 aka ƙara wa bututun inci 48, aka sa sabuwar na'ura a bayan fiffike, aka karkata marufanta da digiri 35.

Wannan an gano shi da sauƙi. Na Lauda Air bai zo da sauƙi ba. Ranar 26 ga Mayu, 1991, Boeing 767 na wannan kamfani na Ostiriya ya tashi daga Bankok zuwa Biyana. Yana cikin hawa, a sama da ƙafa 24,000, ribas ɗin injin hagu ya buɗe da kansa. A lokacin an ɗauka matuƙi zai iya shawo kan irin wannan, domin gwajin da aka dogara da shi a ƙasa-ƙasa aka yi shi, da ƙaramin gudu. Amma babban injin 767 yana gaban fiffike, kusa da shi. Iskar da aka juya ta turnuƙe gaban fiffiken, ta kashe kimanin rubu'in ɗagawarsa, jirgin ya kife cikin daƙiƙoƙi ya tarwatse a sama. Mutum 223 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Bayan haka aka wajabta ƙarin makulli a irin waɗannan na'urori. Ku riƙe wannan: sakamakon gwajin da aka yi a wani gudu, ko a wani mazauni, ba ya zama hujja a wani sai an tabbatar.

Ƙara, da masu mayar da matsala riba

Wanda ya kalli bayan injin Boeing 787 zai ga bakin kwanson da haƙora kamar zarto. Suna sa iskar fanka ta gauraya da ta waje a hankali, ƙara ta ragu. An gwada su a sama a 2005 a jikin wani 777, kafin 787 ya fara jigila a 2011. Farashinsu ɗan ƙaramin kaso ne na turi, kuma 777X da ya zo daga baya ba shi da su. Ƙarar ma da mazauni take tafiya: inji a ƙarƙashin fiffike ya fi ƙara a kan inji shi kaɗai, domin iskar da ke wucewa kusa da bakin fiffike da filaf tana haifar da sautin da babu shi a ɗakin gwaji.

Wasu kuma da gangan suka nemi wannan cuɗanya. Boeing YC-14 na 1976 da Antonov An-72 na 1977 a saman fiffike suka ɗora injinansu. Iskar nozul tana bin bayan fiffiken, ta lanƙwasa ƙasa tare da filaf, ta ƙara ɗagawa, jirgi ya tashi a gajeren fili. Wanda ya fahimci yadda iskar nozul ke hulɗa da jikin jirgi yana iya sa ta aiki.

Asarar wa ce?

Inji kamfani ɗaya ne ke ƙera shi. Kwanso da nozul da ribas sau da yawa na wani kamfanin ne, irin su Safran ko Collins. Fiffike da maratayi na mai jirgi ne. To idan iskar fanka ta gogi maratayi, ragin turi ne a rubuta wa mai inji, ko ƙarin tirjiya ne a rubuta wa mai jirgi? A sama babu sikelin da ke auna turi shi kaɗai. Bambancin turi da tirjiya kawai jirgi yake ji. Shi ya sa tun kafin a yanka ƙarfe ake zama a shata iyaka, a amince da littafin lissafi guda, kowane ƙarfi a rubuta shi sau ɗaya, kada a maimaita, kada a tsallake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan sana'a tsagar tana tsakanin kamfani da kamfani.

Ana cike littafin da gwaji hawa-hawa: ƙaramin nozul a kan sikeli, samfurin jirgi a ramin gwajin iska da 'yan injina masu juyawa da matsattsiyar iska, cikakken inji a ɗakin da ke kwaikwayon sararin sama irin na cibiyar Arnold a jihar Tenesi, sannan a rataya shi a jirgin gwaji, kamar yadda GE ke yi da Boeing 747. Lissafin kwamfuta ya rage yawan gwajin, bai kore shi ba.

Abin da ya shafe mu

Ba mu ƙera injin jet ba tukuna, amma muna tuƙa shi muna gyara shi a yanayi mai tsanani. Injina da yawa suna ba da cikakken ƙarfinsu ne har zuwa zafin digiri 30 a daidai bakin teku, daga nan ƙarfi ya fara sauka. Kano a watan Afrilu takan haura digiri 40, filin jirgin Jos kuma yana sama da mita 1,200. Jirgin alhazai da ya cika maƙil a irin wannan rana ba shi da rarar da zai yi asara.

Ga injiniyoyin gyara: sil ɗin ƙofofin ribas da ya mutu yana zubar da iskar da fanka ta sha wahalar matsewa. Marufin da bai zauna daidai ba, lotsawa a leɓen nozul, faifan maratayi da ya ɓace, kowannensu yana shiga wancan lissafi na kashi 1 ya zama 3. Kundin da ke ba da izinin tashi babu wani ƙaramin sashe yakan faɗi ƙarin man da za a sha ko nauyin da za a rage. Izini ne na a kai jirgi inda za a gyara, kada ya zama hanyar zama. Idan jirgi ya fara shan mai fiye da 'yan'uwansa, a duba kwanso da bututu kafin a ɗora wa cikin inji laifi.

Ga matuƙa: umarnin mayar da ribas idan gudu ya sauka yana da dalili. A ƙaramin gudu iskar da aka juya tana komawa mashiga da zafinta, da ƙura da tsakuwar da ta kwaso. A filayenmu, musamman lokacin hunturu, wannan yashi ne kuke ba inji.

Ga ɗalibai da malamansu, a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama a Kaduna, da jami'o'inmu: wannan fage a buɗe yake. NASA ta saki siffar wani samfurin jirgin fasinja domin kowa ya yi bincike da shi, har da kwanson inji da maratayi. Manhajojin lissafin iska irin su OpenFOAM da SU2 kyauta ne. Tankin matsattsiyar iska, da ƙaramin nozul da aka fere a lez, da ma'aunin matsi, da sikeli, da faifan ƙarfe a madadin fiffike, sun isa ɗalibi ya auna da hannunsa yadda turi ke sauyawa idan faifan ya matso. Kuɗin wannan bai fi ƙarfin sashe ɗaya na jami'a ba. Ina roƙon shugabannin sassa da ke zauren nan su sa shi cikin ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe, su kuma haɗa ɗalibin inji da ɗalibin jikin jirgi a kan aiki ɗaya, domin su saba da lissafin juna tun suna makaranta.